Buhunan Dogon Hutu

Gaya, watan Oktoba

Yaya Babagana,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka Hanne da yara. Ya ƙafar Baba, da sauƙi? Ya aikin kaka? Ni da Hadi da Surayya muna nan ƙalau.

Na san za ka yi mamakin ganin Usaini direba ya sauke maka buhuna huɗu a ƙofar gida. Waya a garinmu Toranke sai an yi ta neman sabis, kuma maganar nan ina so ta zauna a rubuce, don na san halinka.

Makarantar da nake koyarwa ta canza mana tsarin albashi. Mai makarantar ya ce iyaye ba sa kawo kuɗi sai farkon zango, don haka an daina biyan mu wata-wata. Sau uku za a riƙa ba mu a shekara, a dunƙule. Bai rage mana komai ba, amma ka duba: na ƙarshe zai zo a Mayu, daga nan babu wani sai Oktoba. Dogon hutu ke nan, tsakiyar damina, lokacin da kwanon gero yake tsada kamar magani.

Ranar da kuɗin suka shigo malamai sai murna, wani har ya je taya babur. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni. Tun rasuwar baban Hadi ban taɓa riƙe kuɗi masu yawa haka ba, kuma ka san ba na iya cewa babu alhali akwai. Kafin in iso gida har an yi mini tallan atamfa da kuloli. Shi ya sa na yi sammakon kasuwar Ajingi na sayi hatsi tun yana araha: gero biyu, dawa ɗaya, wake ɗaya. Waken yana cikin buhu mai leda, kar a kwance bakinsa ƙwari su shiga.

Amana na ba ka. Kar buhu ko ɗaya ya fito sai an yi dogon hutu, mu ci wani, mu sayar da wani mu yi cefane. Ko ni na zo da kaina ina kuka, ka ce ba ka san zancen ba.

Na ji Baba ya sa an yi wa ɗakin marigayiya Iya sabon yaɓe, wai in abin ya gagara in tattaro yara in dawo gida. Na san ƙauna ce. Amma in na bar aikin nan karatun yaran ya tsaya, domin albarkacina suke zaune a aji ba a biya musu. Ka faɗa masa a hankali cewa zan kai Oktoban baɗi da ƙafata, in Allah ya yarda.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Batula

Gaya, watan Maris

Yaya Babagana,

Barka da shan ruwa. Ya ibada, ya zafi? Allah ya karɓa mana. Ka duba mini Baba da jiki.

Ga buhun wakenka nan na dawo maka da shi a motar da ta kawo shi. Usaini sai da ya yi ta mita, wai mun mai da shi ɗan aiken wake. Haba Yaya! Wata biyar kacal har ka karya mini doka? Na ji saƙonka, wai wake ya yi kuɗi, in sayar in ɗinka wa marayu kayan Sallah. Ni na ce kar ka ba ni ko na roƙa, kai kuma ka aiko ban ma roƙa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, buhun nan ya daɗe a tsakar gidana ina kallon sa. Surayya ta dawo daga islamiyya tana lissafa mini lesin da aka yanko wa ƙawayenta, na shige ɗaki na yi kukana na share. Da na fito na buɗe akwati na ɗauko shuɗiyar atamfata ta lefe, wadda ban sa ba sai sau biyu. Tela ya fitar mata da riga da siket har da ɗankwali, yanzu kullum sai ta gwada. Kaftanin Hadi na bara kuwa aka saki kalmasarsa, ya sha guga, ya koma kamar sabo.

Albashin Janairu na raba shi tun ranar da ya zo. Na biya haya gaba ɗaya, na sayi mai da gishiri da sabulu da yawa, sauran na ba wata maƙwabciyata dattijuwa, duk Juma'a ta miƙo mini na cefanen mako. Ta fi ka taurin zuciya, ko kallon fuskata ba ta yi. Da yamma kuma ina yi wa yaran unguwa darasi a zaure.

Ka mai da buhun inda yake, ka daure kamar yadda nake daurewa. Allah ya kai mu Sallah lafiya.

Ƙanwarka mai kunnen ƙashi,
Batula

Gaya, watan Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ruwa, ya noma? Allah ya kai amfani gida lafiya.

Raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Hanne ta kawo jaririyarku awo ta biyo ta nan, na ga ta rame, na tsare ta sai da ta faɗa mini. Ashe rumbunka ya ƙare tun farkon damina, ka sayar ka sayi taki da maganin ƙafar Baba. Ashe da kwano kuke awo, wata rana kunu ne abincin gidan. Buhunan gerona biyu kuwa suna tsaye a ɗakinka, ka hana ko yaro ya jingina da su. Da Usaini ya kawo mini dawa da wake farkon hutu, ko a fuska ba ka bari ya nuna mini ba.

Na ce ka riƙe amana, ban ce ka bar Baba da yunwa ba. Yau ɗin nan ka farke buhu ɗaya a kai inji. Ɗayan ka aiko mini.

Kar ka soma lissafin ko zai kai ni. Na riga na yi. Dawar da saura, na shuka kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki sun fara ba mu miya, nama kuwa mun yi sallama da shi sai an koma makaranta. Zai yi wuya amma zai kai. Malamai biyu sun ajiye aikin sun tafi neman kuɗi Kano, ni ina nan daram.

Ƙanwarka,
Batula

Gaya, watan Oktoba

Yaya Babagana,

Assalamu alaikum. Ya kaka? Na ji Baba har masallaci yake zuwa ba sanda, alhamdulillahi.

Mun kai, Yaya. Ranar da albashi ya shigo, ragowar garin da ke cikin roba tuwo ɗaya zai yi. Hadi ya shiga aji shida, Surayya aji huɗu.

Usaini zai sauke maka buhuna biyar bana. Wanda na ɗaure wa jan ƙyalle naka ne, kuma dokar ta hau kanka kai ma: ba a taɓa shi sai Agusta, ko ka zo kana kuka.

Ka gaida Baba, ka ce na gode da ɗakin da ya gyara mini. Yaɓensa sabo ne, ba ya yoyo, ɓera ba ya shiga. A jera buhunan a ciki.

Ƙanwarka,
Batula