Gonar Audugar da Ka Bar wa Rabi

Zuwa ga Yaya Sale,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ƙaninka Isiyaku ne. Na san babu mai kai maka wannan saƙo, amma maganar ta tsaya mini a ƙirji.

Ka tuna daminar da malaman gona suka kawo famfon feshi garinmu Ƙarfi, lokacin auduga na tashe? Kai ka fara goya shi. Ba takalmi, ba safar hannu, sai tsohon hankici a hanci. Da kara kake dama maganin, in ka yi sauri kuma da hannu. In ka shigo gida Inna takan ce, "Sale, warin nan har cikin tuwo." Sai ka yi dariya ka ce warin arziki ne.

Audugar kuwa ta yi kyau. Da ita ka kai ni makaranta Malumfashi, ka yi wa ɗakin Inna rufin kwano.

Ashe abubuwa suna ta ɓacewa ba mu lura ba. Kwaɗin fadama suka yi tsit. In muna huɗa ba ma ƙara ganin tana a cikin ƙasa. Wata rana zabin Inna suka yi kiwo a bakin gonar, da la'asar muka kwaso mushensu a kwando.

Sai hannunka ya fara rawa. Ranar da ka kasa kai kofin koko bakinka, bango ka juya wa fuska don kada in ga hawayenka. Likita ya tambayi sana'arka, muka faɗa masa aikin feshin da kake yi. Ka rasu 'yarka Rabi tana goye.

Yaya, Rabin nan yau 'ya'yanta sun girma. Bana ta koma gonarka, tana son shuka gyaɗa da kayan miya. Babban ɗanta, wanda ya karanci aikin gona, ya ɗebi ƙasar ya kai aka auna. Maganin yana nan, musamman gindin tsamiyar da kake wanke famfo. An ce kada a ci abin da ya tsiro a wannan gefen.

Rabi ta durƙusa ta damƙi ƙasar. "Baffa," ta ce, "ko muryarsa ban sani ba. Wannan kaɗai na gada daga hannunsa, shi ma guba ne?"

Da ƙyar na ce mata ba ka sani ba, babu wanda ya gaya maka, ciyar da mu kake yi.

An taya wurin, ta ƙi sayarwa. Ta sa aka kewaye shi da ƙaya saboda yara da awaki. Duk sanda ta zo, takan tsaya a bayan shingen ta yi maka sallama.

Allah Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ya sanyaya ƙasar da kake kwance a ciki, Ya wanke wadda ka bari.

Naka har abada,
Isiyaku