Gawar da Ba Ta da Kowa

Talata, 3 ga Muharram, 1332
Na sake fita ta Ƙofar Na'isa zuwa wurin Baturen mishan, tunda ba a barin irinsa ya zauna cikin ganuwa. Littafinsu yake juyawa zuwa Hausa, ni kuma ina gyara masa kwamacalarsa. Yau mun cije a wani misali da suka ce Annabi Isa ya bayar: 'yan fashi sun yar da mutum a hanya, rai a hannun Allah, limamin Bani Isra'ila ya gan shi, ya ratse ya wuce. Bature ya ce me zai sa malami ya yi haka? Na ce zan duba. A ina zan duba?

Juma'a, 6 ga Muharram
Na tambayi Yahya, tsohon nan mai turare, mutumin Tarabulus, wanda ke bina salla a sahun farko tun da aka ba ni limancin masallacinmu a nan Sheshe. Ya ga duniya. Sai baki ya suɓuce masa. Wai a shari'ar Bani Isra'ila liman ba ya taɓa gawa, in ya taɓa ya ƙazantu, ba shi ba ɗakin ibada sai ya yi tsarki. Na ce ashe yana da uzuri.

"Ba shi da shi, Malam Jibrin. Gawar da ba ta da kowa, ko babban limaminsu ne ya tsince ta, dole ya binne. Masu sauraron Annabi Isa sun san haka, shi ya sa maganar ta soke su."

Na ce a ina ya sani? Wurin mahaifinsa. Uban Bayahude ne, shi kuwa Yahya ya musulunta yana saurayi, kafin ya ƙetaro hamada. Ya riƙe hannuna, wai don Allah kada kowa ya ji. Tafinsa sanyi kamar kwaɗo.

Asabar, 7 ga Muharram
Na kai wa Bature amsar a matsayin sanina. Har miƙewa ya yi don murna.

Alhamis, 12 ga Muharram
Gambo ladan ya fara baza cewa liman ya zama ɗan gidan Nasara. Limancin yake so, tun tuni na san da haka. Mutum uku ba su gaishe ni ba yau.

Asabar, 14 ga Muharram
Na samo wa unguwa abin taunawa da ya fi namana daɗi. Bayan la'asar na ce kuna ta leƙen wajen ganuwa, alhali ɗan Bayahude na sahunku na farko. Ban kama suna ba. Dubansa kawai na yi.

Juma'a, 20 ga Muharram
An fasa butar da Yahya yake alwala da ita. A sahu an bar masa fili dama da hagu. Ba mai zancena yanzu, har Gambo da rawar jiki wajen gaisuwa. Na ji daɗi, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Laraba, 25 ga Muharram
Yahya ya tare ni a soro. "Malam, kai shaida ne ni Musulmi ne. Ka faɗa musu." Na ce abin da ke zuciya Allah kaɗai ya sani. Na ƙosa ya tafi, tuwona na hucewa.

Talata, 1 ga Safar
Ya daina zuwa masallaci. Gambo ya jefa buzunsa a kududdufi.

Laraba, 9 ga Safar
Yahya ya mutu da hantsi. Matarsa 'Yardada ta bi unguwa gida-gida, Larabawa 'yan'uwansa suka ce ba su san asalinsa ba. Gambo ya shelanta duk wanda ya taɓa gawar ba zai ƙara jan salla a masallacinmu ba. Ta zo ta durƙusa a ƙofata, tsohuwa da ita, majina shaɓe-shaɓe. "Malam, ka dubi Allah, ba shi da kowa." Na sa aka rufe soro.

Ba shi da kowa. Duk maganar duniya, sai wannan ta zaɓa.

Alhamis, 10 ga Safar
Wari ne ya dame ni, gidansa na kusa da nawa. Ba wani abu ba. Na wanke shi, ba shi da nauyin kirki. Ɗantani ɗan dako ya kama mini makara har bayan Ƙofar Kabuga, mu biyu muka sallace shi. Da azahar na tarar da Gambo a gaba, shi zai ja salla. Na tsaya a sahun ƙarshe, na dama da na hagu suka matsa.

Bature ya aiko in zo. Na ce a ce masa ba ni da lafiya. Akwai wani misalin da muka tsaya a kai, kuma ba ni da wanda zan tambaya.