Maganin Baba a Farin Ambulan

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa ƙafarki sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana fama da bayanta, amma ba ta fasa sharar tsakar gida ba. Baba ma ya samu sauƙi, kuma maganarsa ce ta zaunar da ni rubutu, don a waya kuka zai riga ni.

Kin san tun da hawan jini ya kama Baba ni ce a kansa. Ni nake kawo maganinsa daga kantin maganin da nake aiki, ni nake auna shi kafin in fita. To, tun da jam'iyyar su Baba ta faɗi zaɓe, Auta ya dawo gida da hula mai tambari da waya cike da saƙonnin murya. Da hantsi zai shige ɗakin Baba ya zauna bakin gado, su haɗa kai a kan waya. Daga kicin nake jiyo dariyar Baba, irin wadda na manta rabon da ya yi mini. In na shiga da ruwa sai su yi tsit, kamar na zo leƙen asiri. Yaron da na goya a bayana, Yaya, shi ne yanzu mai ido a buɗe, ni kuma 'yar gwamnati, don kawai na dangwala wa wasu.

A cikin saƙonnin akwai wani mutum, ba suna balle fuska, da ya ce sabuwar gwamnati ta sa an canza maganin hawan jini don a kashe jikin tsofaffi, su kasa fita zaɓe na gaba. Baba ya ture kwalin. Na nuna masa shi ne dai wanda yake sha tun mutanensa na kan mulki, ya ce ai wayon ke nan, ba za su canza kwali ba. Na roƙi likita ya zo har gida, Baba ya ce shi ma a hannunsu yake ci. Duk hujjar da na kawo sai ta koma tasu.

Baba ba yaro ba ne, na sani. Amma tun da aka rushe layin shagunansu don faɗaɗa titi, ba wanda ya tako ya yi masa bayani. Muryar nan ce kaɗai ta ce masa da gangan aka yi, wai tsoron irinsa ake ji. Ina ganin tsohon da aka bari a ɗaki ya fi son a ce ana tsoronsa da a ce an manta da shi. Da na tasa Auta a gaba da faɗa, sai ya tambaye ni ko na ga mutanensu da idona suna cinna wa kasuwa wuta, tunda kullum haka nake faɗa. Ban gani ba. A wurin aiki na ji, daga bakin waɗanda muke zaɓe ɗaya. Na wuni ina jin haushinsa.

Ana haka wata safiya Baba ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar banɗaki. Muka kwasa sai asibiti. Allah ya taƙaita, amma da muka dawo ya sake ƙin shan magani. Washegari sai ga Auta a kantinmu, ba hula, ido ya yi ja, ya ce in ba shi ƙwayoyin. Ya juye su a farin ambulan, ya je ya gaya wa Baba wai wani likitan jam'iyya ne ya aiko a ɓoye, na asali ne. Baba ya karɓa da hannu biyu. Hawan jinin ya sauka. Yanzu duk wanda ya zo dubiya sai ya ji cewa Auta ne ya ceci ransa. Har agogonsa ya cire ya ɗaura masa, sannan ya dube ni a gaban baƙi ya ce in rage taurin kai in koyi hankali wurin ƙanena.

Wallahi saura kaɗan in fasa ƙwai a wurin. Inna ce ta ja ni kicin, ta ce in zaɓa, a yaba mini ko ya ci gaba da sha. Na zaɓa. Ni nake zuba ƙwayoyin a ambulan, Auta ya kai, a sa masa albarka ina tsaye da kofin ruwa. Don Allah in kin kira Baba kada ki tona. Amma ki tambaye shi game da ni, a hankali, kamar ba komai, ki rubuto mini abin da ya ce, ko da ba mai daɗi ba ne.

Ki gaida maigidanki da 'yan biyu da Goggo. Inna tana gaishe ku. Auta ma ya ce in gaishe ki, ga shi na isar.

Taki har kullum,
Ƙanwarki