Baƙuwar Shekara Ashirin da Biyu

San Baltasar, Meziko
4 ga Maris, 1996

Yaya Efraín,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya, kuma sanyin Valdivia bai tayar maka da ciwon gwiwa ba.

Hankalina a tashe yake. Tun Janairu yara goma sha tara aka kawo mini ɗakin shan magani da amai da gudawa, biyu sun rasu. Dukansu ruwan rijiyar ƙasan gari suke sha, inda dattin majemar Don Fulgencio ke gangarawa. Don Fulgencio kuwa shi ne shugaban ƙaramar hukumarmu, kuma ƙaninsa ya tsayar a zaɓen watan gobe. Sau uku ina rubuta wa ofishin lafiya, shiru.

Ran Lahadi za a yi taron gari. Jiya maƙwabciyata Teófila ta same ni ina gasa tortiya, wainar masarar da ake ci a nan, ta ce, "Griselda, mu in mun faɗa sai a ce jahilci ne. Ke ce malamar asibiti. Ki tashi ki faɗi abin da idonki ya gani." Na ce, "Kin manta ni baƙuwa ce? Doka ta hana ni sa baki a siyasarku." Ta yi dariya ta ce, "Baƙuwar da ta yanke cibiyar rabin garin nan?"

Shekarata ashirin da biyu a nan, Yaya. A nan na binne mijina. Amma takarduna har yau na Chile ne. Me ka gani?

Taka ƙanwa,
Griselda

Valdivia, Chile
19 ga Maris, 1996

Ƙanwata Griselda,

Bayan gaisuwa, mun ga wasiƙarki. Na san Lahadin da kike magana ta riga ta wuce, amma zan faɗa ko don in sauke nauyi.

Kada ki yi magana. Baba a ƙasarsa ya buɗe baki, kin san yadda muka ƙare da neman gawarsa. Ke kuwa a gidan mutane kike. Su ke jefa ƙuri'a, su za su zauna da wanda suka zaɓa. Naki allura da magani. Na san halinki tun kina ƙarama.

Allah ya tsare ki.

Yayanki,
Efraín

San Baltasar
2 ga Afrilu, 1996

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta same ni ina ɗaure kaya.

Na yi maganar. Ban ambaci jam'iyya ba, ban ce a zaɓi kowa ba. Sunayen yaran kawai na karanta, na ce daga rijiya ɗaya suke sha. Don Fulgencio ya bari na gama, sannan ya ce cikin fara'a, "Doña Griselda, muna ƙaunarki. Amma a Chile ba ku da rijiyoyin da za ki duba ne?" Wasu suka yi dariya. A cikinsu har da waɗanda na karɓi haihuwarsu.

Shekaranjiya jami'an shige da fice biyu suka zo daga birni. Masu ladabi ne, har kofi suka sha. Suka ba ni kwana uku in bar ƙasar. Na ce zan kai ƙara, babbansu ya ce, "Señora, wannan ba ta zuwa kotu." Lauyan da na gani ma haka ya ce, ya ƙi karɓar ko sisi.

Na je kabarin mijina na share shi. Ran Asabar zan sauka a tashar motarku, wataƙila in riga wasiƙar nan isowa.

Griselda

San Baltasar
10 ga Yuni, 1996

Aminiyata Griselda,

Ina gaishe ki, ina gaida yayanki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ajina uku.

Ƙanin Don Fulgencio ya ci zaɓe. Rijiya tana nan yadda kika bar ta, sai dai sun yi wa bakinta fenti. Ɗakin shan magani a kulle yake, an ce za a turo wata, har yau ba mu ga kowa ba. Kajinki suna wurina.

Akwai maganar da ba zan ɓoye miki ba. Jikata Remedios, wadda kika riƙe ranar baftisma, ta rasu ran Talata. A bayan motar masara muka ɗauke ta zuwa birni, ba mu kai ba. Wurin jana'iza uwarta ta ce mini a gaban mutane, "Mama, da kin bar matar nan ta yi shiru, da tana nan ta sa mata ruwa." Ni na sa ki, Griselda. Wasu na cewa kin yi daidai, amma a hankali suke faɗa.

Yanzu ƙanin Remedios ma ya fara amai. Ki rubuto mini abin da zan yi.

Taki,
Teófila

Valdivia
27 ga Yuni, 1996

Teófila,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki ta'aziyya. Allah ya ji ƙan Remedios.

Ki tafasa ruwa lita ɗaya, ba na rijiyar ba. Sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin cokali. Ki riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan ko yana amayarwa. In idonsa ya faɗa, ku tafi birni nan take.

Ba ke kika sa ni ba, da ƙafata na tashi. Ko na yi daidai, ban sani ba. Kullum ina tambayar kaina.

Wasiƙar nan sai ta yi mako biyu a hanya. Ki gaya mini ko ta same shi da rai.

Griselda