Ruwan tekun da na aika wa Mama, a famfon kicin na tare shi

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a hau ni da zagi, domin duk wanda za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Ni nas ce, ina zaune a ƙasar waje, a garin Gaithersburg, da maigidana da yaranmu biyu. Mahaifiyata tana Zariya tare da ƙanwata, wadda zan kira Hadiza duk da ba sunanta ba ke nan. Ni ce 'yar fari, don haka Mama ba ta kiran sunana, ba ta yabona a gaban mutane, iyakarta ta ce “'yar nan”. Ku riƙe wannan, za ku ga dalili.

Lokacin zafin da ya wuce yara suka tasa mu gaba sai an kai su Ocean City, wai duk 'yan ajinsu sun je bakin teku sai su. Muka shirya. Ga shawara kyauta ga mai niyyar zuwa: kada ya fita ranar Asabar da hantsi, don a kan wata doguwar gada da ake bi a isa can muka yi zaman dirshan cikin cunkoso, yara na kukan fitsari, ni da maigida muna faɗa a kan wanda ya makarar da mu. Da muka isa babu wurin fakin, sai can nesa muka samu, muka kwaso tabarma da kular shinkafa muna tafe a rana kamar masu ƙaura. Yashin ya yi zafin da ba a taka shi ba takalmi, mutane ko'ina kusan tsirara, maigida ya rasa inda zai ajiye idonsa, tsuntsayen teku kuma suka yi wawason soyayyen dankalin yara tun yana hannunsu.

Duk da haka teku teku ce. Da na tsaya na ga ruwa har iyakar ganina sai na tuna Mama ba ta taɓa gani ba, na kira ta ta bidiyo na juya mata waya. Ta yi tasbihi, sannan ta ce, “'Yar nan, ki ɗebo min ko gora ɗaya ce. An ce ruwan teku maganin ciwon gwiwa ne.” Na ce to, Mama. Wa zai ce wa uwarsa a'a a kan ruwa, ga shi nan kyauta a gabansa? Wallahi da niyyar ɗebowa na amsa. Sai dai ko wayar ban mayar jaka ba igiyar ruwa ta kwashe ƙafafun ƙaramin ɗana, na yi kansa da doguwar rigata da mayafi, ruwan ya nannaɗe ni ya maka da ƙasa, mai gadin bakin ruwa na ta busa min usur. Na fito jiƙe sharkaf, yashi har cikin kunne, yaron na ta dariya yana ce min da Turanci mu sake. A fusace na tattara kowa muka bar wurin. Sai da muka haye gada a hanyar dawowa na tuna da gorar Mama.

Washegari ta kira, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce an ɗebo? Bakina ya riga hankalina, na ce an ɗebo. Me ya sa ban ce na manta ba? Me zai faru in na faɗa? Ita ce tambayar da nake yi wa kaina kullum. Gaskiyar magana, shekara da shekaru duk abin da Mama ta roƙa sai na bi ta da bayanin asibiti. Ta ce a sayo mata jiƙo in ce ƙoda, ta ce za ta yi ƙaho in ce ƙwayoyin cuta, har ta koma ɓoye min abubuwa. Wannan karon na ji murna a muryarta, na kasa kashe ta. Na ce a raina ai za mu sake komawa kafin sanyi. Ina? Aiki ya danne ni, yara suka koma makaranta, maigida ya rantse ba zai sake hawa gadar nan ba a bana.

Ana nan sai wata ƙawata a Mitchellville, wani gari kusa da mu, ta ce za ta je gida, in kawo saƙo. Mama ta ji labari, ta ce kada a manta da ruwanta. Ranar da zan kai kayan na tsaya a kicin, na tafasa ruwan famfo, na zuba gishirin miya na motsa, na ɗanɗana, na ƙara. Da ya huce na ga ya yi haske da yawa, teku ba ta da wannan tsabtar. Sai na fita mota, na ɗaga shimfiɗar ƙafa ta kujerar baya, na ɗebo yashin da yara suka kwaso a takalmansu, na wanke shi na zuba kaɗan a gindin gorar. Ni, nas, da digirina. Ina yi ina gaya wa kaina ai shafawa za ta yi a gwiwa, kuma nawa ma ya fi na tekun tsabta, tunda na ga abin da yara ke yi a cikinsa.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tawa ta yi 'ya'ya har da jikoki. Ba a jima da isar gorar ba Mama ta ce gwiwa ta saki, har tana sallah a tsaye. Na san zuciya ce da yarda, amma na yi hamdala. Daga baya Hadiza ta kira ni a ɓoye ta ce, “Yaya, ba shafawa kawai take yi ba fa, cokali take sha duk safiya. Kuma ta ajiye maganin hawan jininta, ta ce wanda ya warkar da gwiwa ba zai gaza a kan jini ba.” Cokalin ruwan gishiri bai tsorata ni kamar ajiye ƙwayoyin ba, domin a wurin aikina kullum ina juya waɗanda suka yi haka, rabin jikinsu a shanye.

Na kira Mama na yi lallashi, na yi bayani, na yi fushi, har kuka na yi. Ta ce in bar ta da Turancina, ba ni ce na aiko ba? Na sa kawuna ya yi mata magana, ta ce masa to, ta ci gaba da abinta. Hadiza ta kai ta asibiti an auna, jinin ya hau sosai, likita ya yi faɗa, suka dawo gida ta cusa ƙwayoyin ƙarƙashin katifa. Yanzu tana yawan ciwon kai, wani lokacin jiri na ɗibarta in ta miƙe, ita kuma cewa take ciwon ne ke fita. Abin da ya ƙara ƙona min rai, matan unguwa sun fara zuwa da 'yan kwalabensu, tana tsiyaya musu murfi murfi, in gorar ta yi ƙasa ta ƙara ruwan randa don albarkar ta yaɗu. Gishirin kicin ɗina ake rabo a Zariya, jama'a.

Na faɗa wa maigida komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ga fuskata ya shiga taitayinsa. Shawararsa ita ce in sake haɗa wata gorar, in ce mutanen bakin teku sun ce ruwan ba ya aiki sai an haɗa da maganin asibiti. Wato in gina sabuwar ƙarya a kan tsohuwa. In kuma ta gano fa? In wata a cikin matan nan ita ma ta ajiye nata maganin fa, alhakin wa? Ni na san abu ɗaya ne zai raba Mama da gorar nan, shi ne ta ji daga bakina cewa ruwan famfo ne. Amma ranar da ta ji, na kunyata ta a gaban duk matar da ta taɓa miƙo mata kwalba, kuma ba za ta sake yarda da wata maganata ba, har da ta ƙwayoyin.

Jiya na daure na kira da niyyar in faɗa, komai ta fanjama fanjam. Hadiza ce ta ɗauka, ta yi ƙasa da murya ta ce Mama na da baƙi, in saurara, ta kusantar da wayar. Na ji Mama na ba su labarin yadda na shiga teku da kayana, ruwa ya kayar da ni, duk don in ɗebo mata, domin ta ga hoton da maigida ya tura ina jiƙe. Sannan ta ce, “Ni dai Allah ya ba ni 'ya.” Kuma ta faɗi sunana. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba sai jiya, a kan ruwan famfo da yashin mota. Na kashe wayar ban faɗa mata gaskiyar ba.

Ƙawata za ta sake zuwa gida wata mai zuwa, Mama har ta aiko a ce wannan karon babbar jarka take so. Ƙwayoyinta kuma suna nan ƙarƙashin katifa. Anti, masu karatu, ku dubi Allah ku gaya min, me zan yi?