Kalangun Bikin Asabe a Na'urar Mushe

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗa, ina fata ƙasa ta yi miki sauƙi. Ni ne, wanda kike ce wa “wancan”.

Inna, wata biyar ke nan ina Garwa. Har yanzu garin ya fi ƙarfina, wannan ya yi mini Fulatanci, wancan Faransanci, ni dai sai in ce to. Kawu ya sa ni shagon Malam Bakari mai gyaran rediyo, bayan babbar kasuwa. Patoro ake ce masa, wato maigida. Yana koya mini.

Kin tuna bikin ƙanwata Asabe a Meiganga, da direban nan ya zo da rakoda ya ɗauki kalangun mahauta abokan Baba? Kaset ɗin yana wurina. Na san kina tsakar gidan ranar, shi ya sa nake ta sa shi a ƙaramar rakodar Kawu ko zan ji ki. Ba na jin komai sai kiɗa da shuuu.

To, wani mushe na ofishin gwamna, haka ake kiran manyan ma'aikata a nan da Faransanci, ya kawo na'urarsa ta jin kaset gyara. Inna, lasifikarta biyu, kowace ta kai turminki tsawo. Ya ja mana kunne, wai daga Faransa ta zo, ba a yi ta don gargajiya ba, kalangu yaga ta zai yi. Na kasa gane wannan magana. Fatar akuya ce fa da igiya. Amma na tsorata, don Patoro ya ce duk wanda ya taɓa ta ya kama hanyar garinsu.

Ran Talata da hantsi ya tafi neman waya. Na sa kaset ɗin a na'urar mushen.

Ba ta yage ba. Gidanmu ne kawai ya shigo shagon. Na ji guɗar Gwaggo, na ji tarin Baba, har murfin tukunya da ya faɗi. Sai can ƙarƙashin kiɗan na ji ki, kusa, kina ce wa Gwaggo: “A ajiye wa Isuhu nasa, tun safe bai ci komai ba.”

Inna, ashe kin iya faɗin sunana.

Na san kunyar ɗan fari ce. Na sani. Amma ina yaro, in kin kira su Asabe ɗaya bayan ɗaya, ni kuma kin ce “kai”, nakan zaga bayan rumbu in zauna. Ban taɓa gaya miki ba.

Ban san Patoro ya dawo ba sai da na ga inuwarsa. Na miƙe zan ɗauki takalmana. Ya tambaye ni muryar wa, na faɗa masa. Ya ce shi ma afo ne, wato ɗan fari a Fulatancinsu, tasa innar har ta rasu bai ji sunansa a bakinta ba. Da hannunsa ya mayar da kaset ɗin baya. Sau uku muka ji.

Mushe ya karɓi kayansa jiya, yana yabon sauti.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makoma. Kuma ina cin abinci, Inna, kada ki damu.

Ɗanki,
Isuhu