Layin Baba a Wuyan Mutanen Littafi

Zuwa ga yayana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya a inda kake. Na rubuta "lafiya" na goge, na sake rubutawa, domin tun ranar da 'yan bindiga suka tare motarku a hanyar Anka suka shige daji da ku, babu wanda ya ji muryarka. Wayarka a kashe take. Shi ya sa na ajiye wasiƙar nan a shafina na intanet, wanda zai karanta ya karanta, amma da kai nake.

Yaya, littattafanka na zane nake son mu tuna.

Ka san su ai. Waɗanda kake sayowa a wurin tsohon nan mai baza littattafai a ƙasa ranar kasuwar Gummi. Tsofaffin labaran Turawa ne masu kauri aka mayar hotuna gida-gida, magana tana fitowa daga bakin mutum cikin wani farin ƙwai. Kai ka iya Turanci, ni ko baƙi ban sani ba, sai ka riƙa fassara mini. Sai da na girma na gane rabi ƙarya kake shirga mini, Yaya, ba ka da dama! Ina Bature ya san tuwon dawa? Amma ka ce shi matuƙin jirgin ruwan nan na cikin littafin yake marmari. Da na tambaye ka mene ne teku, ka ce gulbinmu ne in ya kawo da damina, sai dai shi ba ya da tsallake.

Ka kuma san dokar Baba. Duk hoton abu mai rai da ya shigo gidanmu, ko na kalanda, ko na kwalin sabulu, sai ya bi ta zaure. Ba ya ƙonawa, ba ya duka. Alƙalaminsa na rubutun allo zai tsoma a kurtu, ya ja layi a wuyan hoton, ya ce yanzu ba cikakkiyar sura ba ce, mala'iku za su iya shiga. Da ya kama littattafanka haka ya zauna bayan la'asar, shafi bayan shafi, har doki da aku bai bari ba. Ya miƙo maka ya ce, "Ungo, ku tai ku yi karatunku."

Kai dariya ka yi. Ni kuwa wallahi tsoro ne ya kama ni. Mutane suna hawa doki, suna cin abinci, suna murmushi, kowa da baƙin layi a maƙogwaro kamar ragon da aka gama da shi. Na daina zuwa bayan gida ni kaɗai. Ko Inna ta sunkuya tana tankaɗe, wuyanta nake leƙawa.

Ka tuna wanda na fi so? Matuƙin nan mai jar riga da maƙiya suka kama suka jefa a kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Ranar nan a gindin dalbejiya ka ga ina kuka a kansa, ka ce, "Ke Hajo, tawada ce hwa, bari ki gani." Ka lashi yatsa ka hau gogewa. Takardar ba ta da ƙwari, ta jiƙe, ta huje, kansa ya rabu da jikinsa a hannunka. Ihun da na kurma sai da Inna ta fito da muciya tana salati. Kai ka liƙe shi da ƙaro daga baya, amma kan ya zauna a karkace, ban sake yarda na buɗe shafin ba.

Yaya, tsoron nan ya dawo, kuma yanzu babu mai ce mini tawada ce. Mun san abin da mutanen nan suke yi wa waɗanda suka gaji da riƙo. Ba a faɗa a gaban Inna, amma kowa ya sani. Ina rufe ido sai in gan ka a jar riga, kai da ba ka taɓa sa ja ba. In aka kira wayata da baƙuwar lamba, ba na iya ɗauka har ta katse.

An ce mu kai hotonka wurin hukuma, na je aka wanke mini guda biyu daga waya, wanda ka ɗauka ranar sunan ɗiyarka. Na ba da ɗaya, na dawo da ɗaya a cikin mayafi. Da na durƙusa gaishe da Baba a zaure, hoton ya zame ya faɗi a kan buzunsa.

Ka san idonsa ya yi rauni, amma hannunsa bai manta ba. Yana jin takarda mai sulɓi ya jawo kurtu, ya tsoma alƙalami. Ya ɗaga hoton ya kai shi dab da fuskarsa don ya nemo wuya.

A nan ya gane ka.

Ya daɗe a haka, tawada tana ɗiga a kan rigarsa. Ya ajiye alƙalamin a hankali, ya ce, "Wanga a bar shi da wuyanshi. In da laihi, ni za a tambaya." Ya sa ka a aljihun gaba, kuma har yau a can kake. Sai in zai yi salla yake ciro ka ya ba ni riƙo, yana sallamewa ya miƙo hannu.

Ya Allah, Kai ne Kake ganin inda idonmu bai kai ba. Ka tsare mana Nasiru, Ka sanyaya zukatan waɗanda suke riƙe da shi, Ka ɗaure hannuwansu daga jikinsa, shi da duk wanda yake cikin dajin nan. Ka dawo da shi ya tarar da iyayensa da rai. Amin.

Ka dawo, Yaya. Kai kaɗai ne hoton da ya shiga gidanmu Baba bai ja masa layi ba.

Ƙanwarka matsoraciya,
Hajo